Iya Ruwa Fid Da Kai: Mu Koya Wa Yaranmu Duka Tuƙin Jirgi

'Yan'uwa manoma, duk mai lambu a bakin Kogin Kaduna, tun daga Rafin Guza zuwa Malali da Unguwar Rimi har Kabala, ya san kwale-kwale kayan aiki ne kamar garma da fartanya. Da shi ake ƙetarewa da taki, da shi ake fito da alayyafo da tumatir da ɗanyar masara. Ko da yake an ƙara gadoji a kan kogin, ba manomin da zai yi dogon zagaye da buhu a ka alhali ga jirgi a mashigi. To, wa ya koya wa yaran da ke tuƙa jiragen nan? Da yawansu gani suka yi ana yi, suka ɗauki filafili suka shiga. Waɗansu ko iyo ba su iya ba.

Shawararmu ita ce, kowace ƙungiyar gama kai da ke kusa da kogi ta buɗe ajin koyon iyo da tuƙi domin matasa a lokacin rani. Ƙofar ajin kuwa ta zama a buɗe ga kowa, maza da mata, mai ƙafa da gurgu, mai ji da kurma, ɗan ƙungiya da ɗan maƙwabci.

Dalilin da ya sa muka damu

A watan Nuwamba na 2021 jirgi ya kife a madatsar ruwan Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan makaranta. A watan Yuni na 2023 kuma fiye da mutum 100 suka halaka a Kogin Kwara wajen Patigi, suna komowa daga biki da dare. Patigi ɗin nan kuwa kusa take da inda ruwan Kogin Kaduna yake shiga Kwara. Idan aka bi irin waɗannan hatsarori, abubuwa ɗaya ake tararwa: lodi ya yi yawa, tafiyar dare, babu rigar ruwa, fasinjoji ba su iya iyo ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta kuma ce kowa ya sa rigar ruwa. Amma ma'aikacin hukuma ba zai tsaya a kowane mashigi ba. Abin da yaro ya koya tun yana ƙarami, shi zai shiga jirgi tare da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yadda za a koyar

Lokacin da ya dace shi ne daga Janairu zuwa Afrilu, sa'ad da ruwa ya ja baya. Kada a kai sabon shiga kogi a Agusta ko Satumba, gama ruwan yana da ƙarfi ƙwarai. A nemi wuri mai kwanciya wanda zurfinsa bai wuce ƙirjin yaro ba, nesa da inda masu haƙar yashi suke barin ramuka. Malami kuwa ba sai an nemo shi daga nesa ba. Cikin masunta da masu fito akwai dattawan da suka san kogin nan kamar tafin hannunsu. A roƙi ɗayansu, a haɗa shi da malamin makaranta mai haƙuri da yara, a riƙa ba su ɗan abin sabulu daga asusun ƙungiya. Sa'an nan a bi waɗannan matakai bi da bi:

1. Iyo tukuna. Yaron da bai iya kwantawa a bayansa a kan ruwa ba, kada ya taɓa filafili.
2. A fara tuƙi a kan tudu. Yara su zauna a benci, kowa da filafilinsa, su koyi riƙo da jan hannu tare.
3. Shiga da fita. Mutum ɗaya ɗaya, a sunkuye, a sa ƙafa a tsakiyar jirgi. Ba a tsayuwa, ba a sauya wuri a tsakiyar ruwa.
4. A kifar da jirgi da gangan a ruwa marar zurfi, kowa da rigar ruwa. Su koyi riƙe jikin jirgin, su ƙirga juna, su juya shi, su kwarfe ruwa da ƙwarya. Wanda ya taɓa kifewa a gaban malaminsa ba ya ruɗewa ranar da abin ya zo da gaske.
5. Ƙetarewa. A karkata goshin jirgi zuwa inda ruwa yake fitowa, domin igiyar ruwa za ta tura shi ƙasa.
6. Lodi. A ja layi da fenti a jikin jirgi. In ruwa ya taɓa layin, a rage kaya, ko da na shugaban ƙungiya ne.

Kada malami ɗaya ya riƙe yara fiye da shida a cikin ruwa, kuma kullum a sami babba a gaɓa da igiya da jarka marar komai a rufe, don jefa wa wanda ya rasa ƙasa. A kuma lura da tsargiya. Yaron da ya ga jini a fitsarinsa a kai shi asibiti, akwai magani.

Don me za a haɗa kowa?

Mun san waɗansu za su ce, a zaɓi samari masu ƙarfi a koya musu, a bar sauran. Ba mu yarda da wannan ba. Ranar da jirgi ya kife, ruwa ba ya zaɓe. Mata da 'yan mata su ne suke yawan ƙetarewa da kayan miya, su ne kuma aka fi hana su koyon iyo. A ware musu ranarsu, da mace mai lura da su, su sa wando da riga maimakon zane da babban mayafi, gama waɗannan sukan naɗe ƙafa a cikin ruwa.

Gurgu fa? Tuƙi aikin hannu ne da kafaɗa, kuma wanda ya yi shekaru yana tura kekensa da hannu ya fi yawancinmu ƙarfin damtse. A yi masa mazauni mai majingina, ƙasa ƙasa, amma kada a ɗaure shi a jirgi ko kaɗan. Kurma a zaunar da shi a bayan wani, ya riƙa bin hannunsa da ido, a kuma shirya alamun hannu na tsayawa da juyawa waɗanda kowa zai koya. Makaho yana bin ƙirga ko waƙar tuƙi, sau da yawa ma shi ne ba ya ɓata tsari. Mai farfaɗiya a nemi shawarar likita tukuna, kada kuma ya shiga ba rigar ruwa da babba a kusa da shi.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Tun 2008 aka sa tseren tuƙi cikin wasannin naƙasassu na duniya, kuma a wasannin Tokyo na 2021 Kingsley Ijomah, wanda shan inna ta taɓa shi tun yana yaro, ya tuƙa da sunan Nijeriya. Wanda ya fara wakiltar ƙasar nan a irin wannan tsere a gasar Olamfik mace ce, Chierika Ukogu, a 2016. A Landan kuma a 2012, Hamadou Djibo Issaka, mai aikin lambu daga Nijar, ya shiga tseren mita 2,000 bayan wata uku kawai da fara koyo. Shi ya zo na ƙarshe, amma ya kai jirginsa gaci, 'yan kallo suka tashi suna yi masa tafi. Ba muna cewa yaranmu su tafi Turai tsere ba. Muna cewa ne kada malami ya auna aikinsa da yaron da ya fi gudu. Ya auna shi da wanda ya fi tsoron ruwa a ranar farko, ko yanzu yana iya fid da kansa.

Akwai kuma wata riba. Tun rikicin shekarar 2000, kogin nan ya zama kamar iyaka tsakanin mutanen gari ɗaya. A cikin kwale-kwale kuwa, in na dama ya ja na hagu bai ja ba, sai jirgi ya yi ta kewaya wuri ɗaya. Yaran da suka kwarfe ruwa daga jirgi ɗaya, Kirista da Musulmi, da wuya su manta da juna.

Batun kuɗi

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin ƙungiya ba: aron jirgi ɗaya, filafilai daga kafinta, igiya, da rigunan ruwa shida. Rigunan ne masu tsada, amma in aji ya tashi, su ne mambobi za su riƙa sawa wajen fito da kaya da damina. A sa su cikin lissafin bana tare da taki da iri. A sanar da mai unguwa da sarkin ruwa, a nemi yardar iyaye, a rubuta sunan kowane yaro a littafi, shiga da fita.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi su kawo wannan magana a taron wata mai zuwa, su zaɓi mutum biyu su je su ga masu fito, domin in kaka ta wuce ruwa ya ja, a fara. Wanda yake da yaro gurgu ko kurma a gida, shi za a fara gaya wa.