Gwanin Hawan Dutse Ma Yana Bukatar Jagora

Duk wanda ya tashi daga Karmo ya bi ta Gwagwa da Dei-Dei ya wuce Zuba, da ya kusa Madalla zai hango Dutsen Zuma tsaye a gefen hanyar Kaduna. Shi ne dutsen da hotonsa ke bayan takardar naira 100 da aka fara fitarwa a 1999. Yana cikin Jihar Neja, kuma tsayinsa ya kai kimanin mita 300 daga filin da ke kewaye da shi. A 'yan shekarun nan, matasan Abuja sun mayar da hawan duwatsu hanyar motsa jiki. Ranar Asabar da sassafe akan gan su rukuni-rukuni a tuddan Katampe da Mpape da Ushafa. Wanda ya saba da waɗannan tuddai yakan fara hangen Zuma, daga nan ya shiga mafarkin abin da ya fi Zuma. Wannan buri ne mai kyau. Sai dai ina da ra'ayi a kansa: komai ƙwarewar mutum, kada ya tunkari dutse mai wuya ba tare da jagora ba, kuma kada jagora ya yarda ya ɗauki wanda bai ƙware ba.

Jagora shi ne mutumin da ke shiga gaba domin ya nuna hanya. Za ku iya tambaya, me gwani zai yi da jagora? Amsar ita ce, ƙarfin ƙafa da dogon numfashi suna jikin mai hawa, amma sanin halin dutse yana wurin wanda ya tashi a gindinsa. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Jagora ya san gefen da ke hawuwa da gefen da ke da hatsari. Ya san kogon da ƙudan zuma suka yi gida, da inda macizai ke fakewa. Ya san cewa falalen dutse yana yin santsi da zarar an yi yayyafi, kuma ƙololuwa ba wurin tsayawa ba ce idan hadari ya haɗo ana tsawa. Babu taswirar da ke cikin waya da za ta gaya wa mutum waɗannan abubuwa.

Bukatar jagora ta fi tsanani a Gangirwal, wanda ake kuma kira Chappal Waddi. Shi ne tsauni mafi tsayi a Nijeriya, mita 2,419, a kan iyakar Jihar Taraba da Kamaru, a yankin gandun dajin Gashaka-Gumti. Tafiyar kwanaki ce a ƙafa, cikin daji da rafuka. Wanda ya ɓace ko ya karye a can yana nesa da asibiti. Mutanen yankin da ma'aikatan gandun ne suka san mashigar ruwa, da wurin kwana, da lokacin da bai kamata a bi wata hanya ba.

Masu ja da wannan ra'ayi suna da hujjoji biyu. Ta farko, sun ce ɗaukar jagora tsada ne. Gaskiya ne akwai kuɗi a ciki, amma idan mutum goma suka haɗa ladan jagora ɗaya, nauyin ba zai danne kowa ba, kuma rigakafi ya fi magani. Ta biyu, sun ce bin wani a baya yana rage darajar nasara. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. A ranar 29 ga Mayu, 1953, Edmund Hillary ya taka ƙololuwar Everest, tsauni mafi tsayi a duniya, tare da Tenzing Norgay, ɗan ƙabilar Sherpa wanda ya daɗe yana aiki a kan wannan tsauni. Har yau ana ambaton sunayensu tare, babu wanda ya rage darajar ɗan'uwansa.

Amma kada ku ɗauka jagora laya ce da ke tsare kowa daga faɗuwa. A ranar 14 ga Yuli, 1865, mutum bakwai suka zama na farko da suka hau Matterhorn, tsauni mai tsayin mita 4,478 a kan iyakar Suwizalan da Italiya. Akwai Edward Whymper ɗan Ingila a cikinsu, da jagorori uku. A wajen saukowa, wani saurayi mai suna Douglas Hadow, wanda shi ne mafi ƙarancin ƙwarewa a cikinsu, ya zame. Da yake a ɗaure suke da igiya, sai ya ja mutum uku, har da shahararren jagora Michel Croz. Igiyar ta tsinke, mutum huɗu suka halaka. Ku lura da darasi biyu a nan. Na ɗaya, raunin mutum ɗaya yana iya jawo wa dukan ayari asara. Na biyu, isa ƙololuwa rabin tafiya ne kawai, domin saukowa takan zo ne bayan jiki ya gaji. Saboda haka jagoran kirki yakan tambayi mutum duwatsun da ya taɓa hawa, kuma ba ya jin nauyin cewa, "Malam, ka yi haƙuri, ba ka shirya ba tukuna."

Wasu ƙasashe sun tsara wannan sana'a tun da daɗewa. A garin Chamonix na Faransa, a gindin tsaunin Mont Blanc, an kafa ƙungiyar jagorori a 1821, shekara guda bayan dusar ƙanƙara ta zaftaro ta kashe jagorori uku. A Tanzaniya, doka ba ta yarda kowa ya hau Kilimanjaro, mai tsayin mita 5,895, ba tare da jagora mai lasisi ba. Jagororin can suna yawan cewa "pole pole" da harshen Suwahili, wato sannu a hankali, domin iskar shaƙa tana raguwa yayin da ake ƙara hawa. Mu ma mun san sannu ba ta hana zuwa.

Ya kamata mu yi koyi da su. Hukumomin yawon buɗe ido su yi wa jagorori rajista, su horar da su a kan agajin gaggawa da amfani da igiya. A fifita 'ya'yan al'ummomin da ke zaune a gindin duwatsun, irin su Gbagyi da Koro a kewayen Zuma, domin kakanninsu sun san waɗannan wurare tun kafin a gina Abuja. A kuma biya su lada mai kyau. Jagoran da ke tsoron rasa kuɗin yini zai yi wuya ya ce a juya, ko da ya ga hadari.

Ku kuma ɗalibai, idan sha'awar hawan dutse ta kama ku, ku fara da ƙananan tuddai, a cikin rukuni, da izinin iyaye. Ku tafi da isasshen ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa, ku sanar da gida inda za ku da lokacin dawowa. Ranar da kuka isa tunkarar Zuma ko Gangirwal, ku nemi jagora, ku gaya masa gaskiyar iyawarku. Idan ya ce a koma, ku koma ba tare da gardama ba, ko da ƙololuwar tana gabanku. Kuna iya sake zuwa da rani mai zuwa.