Sanarwar Bayan Taro kan Haƙƙin Mallakar Ƙirƙira a Harkar Haɗa Abinci

Ƙungiyarmu ta masu sarrafa abincin gargajiya ta yi zama da lauyoyi da masana kimiyyar abinci, domin tantance abin da doka ke ɗauka a matsayin sabuwar ƙirƙira. Taron ya lura da cewa:

1. Dokar mallakar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ta gindaya sharuɗɗa uku: abu ya kasance sabo, ya fito daga basirar mai shi, kuma ya yi amfani a masana'anta. Kariyar shekara 20 ce.

2. Duk abin da ya riga ya fito fili a ko'ina, a rubuce ko da baki ko ta hanyar amfani da shi, ba sabo ba ne. Don haka ba wanda zai mallake labun kilishi, ko daddawar kalwa, ko dakuwa.

3. Ofishin rajista cikar takardu yake dubawa, ba ya bin diddigin ko abin sabo ne. Mai ƙorafi sai ya garzaya Babbar Kotun Tarayya.

4. Ƙwato haƙƙi na cin lokaci. A 1999 Amurka ta ba wani mai suna Larry Proctor takardar mallakar wani wake rawaya da ya sa wa suna Enola, alhali manoman Meziko sun daɗe suna noma shi. Sai a 2008 aka soke takardar, bayan an gabatar da hujjoji.

Saboda haka taron ya yanke shawarar cewa:

1. A kafa kwamitin da zai bi iyaye mata da mahauta, ya rubuta kayan haɗi da awo da matakan sarrafa kowane abinci, da kwanan wata, a buga a ajiye a ɗakunan karatu. Shaidar baki na da wuyar kafawa a gaban alƙali.

2. Duk mamban da ya gano sabuwar dabara, kamar hanyar hana fura saurin tsami ba tare da firji ba, ya kama bakinsa har sai ya shigar da takardunsa. Tallata ta a Facebook ko sayar da ita a kasuwa na iya zubar masa da haƙƙi.

3. Muna kira ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa da ta gyara dokar, a riƙa yin cikakken bincike kafin ba da takardar mallaka.



Sa hannu:
Shugaba
Sakatare