Sharhi: Gwajin Jinin Aladu A Wurin Kiwo, Amfaninsa Da Iyakarsa

Kamar yadda aka sani, kiwon aladu na daga cikin hanyoyin samun abin masarufi ga iyalai da dama a kudancin Jihar Kaduna, kuma kasuwar Katsit da ke kusa da Kafanchan, wadda ke ci ranar Alhamis, tana karɓar fatake daga sassa daban-daban na ƙasar nan. Tun da zazzaɓin aladu na Afirka ya ɓulla a kudu maso yammacin Nijeriya a 1997, babbar fargabar masu kiwo ita ce dabbar da ke ɗauke da cuta alhali idonta garau. Ɓarnar da cutar ta yi a gandun Oke-Aro, kan iyakar Legas da Ogun, a 2020 ta isa shaida.

Wannan ne ya sa ake maganar gwajin jini na nan take. Idan cuta ko rauni ya taɓa jikin alade, hanta kan sako wasu sinadarai cikin jini, irin su haptoglobin da Pig-MAP, wanda masana a Jami'ar Zaragoza ta ƙasar Sifen suka bayyana a 1994. Yawansu kan hau cikin kwana ɗaya zuwa biyu, wani lokaci tun dabbar ba ta nuna alamar ciwo a fili ba. Da ɗan jinin da malamin dabbobi ya ɗiba, ana iya gane cewa akwai kumburi a cikin jiki.

Sai dai a nan gizo ke saƙar. Gwajin yana nuna akwai matsala, amma ba ya faɗin sunan cutar. Ciwon huhu, gyambon cizon wutsiya, har ma wahalar doguwar tafiya a mota, duk suna ɗaga waɗannan sinadarai. Ke nan aladen da ya kwana a hanya kafin ya iso Katsit zai iya nuna sakamako mai tayar da hankali ba tare da wata annoba ba. Haka kuma, wanda ya kamu jiya zai iya fita fes. Saboda haka kuskure ne babba jami'in ƙaramar hukuma ya ɗauki wannan sakamako a matsayin takardar shaidar lafiya, balle dillali ya yi ciniki da shi.

Inda yake da amfani shi ne a cikin garke: a ware dabbar da ake zargi, a dakatar da saye da sayarwa, a kuma daina ɗirka wa kowace dabba allurar kashe ƙwayoyin cuta barkatai, wadda dama ba ta yi wa zazzaɓin aladu komai. Tabbatar da wannan cuta kuwa aikin ɗakin bincike ne, kamar Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato. Duk mai kiwon da ya ga aladunsa na mutuwa bi da bi, sai ya gaggauta sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa domin a aika da samfurin jini can.