Ƴar Ƙofa Biyu A Rairayin Damargu

Duk wanda ya ratsa wuraren sayar da motocin hannu a Damagaram ko Maraɗi ya san ta. Can gefe ake ajiye ta, tsakanin wata Hilux da ta sha duniya da wata Corolla mai jiran ɗan taksi. Gajera ce, mai kwantaccen baya, ƙofarta biyu, sau da yawa ja ko baƙa, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Faransawa suna kiran irinta kupe. Dillali ba ya fara nuna ta ga Alhajin da ya zo da kuɗi cikin jaka, domin ya san Alhaji buhu yake ƙirgawa. Yakan jira matashin ma'aikacin da banki ya ba bashi a kan albashinsa, ko ɗan kasuwar hatsi da kakar bana ta yi wa kyau, sa'annan ya raɗa masa kuɗinta, kuɗin da sau da yawa bai kai na Corolla sa'arta ba. Nan take zuciya ta ɗauka. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne: me ya sa motar da ta fi duk na wurin kyan gani ita ce ta fi su arha?

Kafin a amsa wannan, sai a kawar da zancen sabuwa, don ba shi da tsawo. Ɗaya daga cikin mafi sauƙin kuɗi a sababbin motocin wannan jinsi ita ce Toyota GR86, wadda a 2024 farashinta a Amurka ya tasam ma dalar Amurka 30,000, wato sama da miliyan 16 na sefa, tun ba a biya jirgin ruwa da duwan ba. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan, bayan ƙarin da ya soma aiki a Janairun 2024, jika 42 ne a wata. Mai wannan albashi, ko da ba zai ci ba zai sha ba, sai ya haura shekara 30 yana tarawa. Ga mushen lakwal ko malamin asibiti a Tanut, zaɓi tsakanin sabuwa da ta hannu zance ne na fatar baki. Zaɓin gaskiya yana tsakanin tsohuwa mai ƙofa biyu da tsohuwa mai ƙofa huɗu.

Wannan hali yana da asali. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, aka wayi gari duk abin da ke fitowa daga Turai ya ninka kuɗinsa, a daidai lokacin da ma'aikata ke bin gwamnati bashin albashin watanni. Ma'aikacin da a da yake mafarkin sabuwar Peugeot sai ya koma kallon tashar jiragen ruwa ta Kwatano, inda tsofaffin motocin Turai suka dinga sauka dubu-dubu. Da yawansu ana rubuta su da sunan masu wucewa zuwa Nijar, su hau gadar Malanbil su shigo Gaya, daga bisani su sulale Najeriya ta Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram. Cinikin ya ciyar da gidaje masu yawa, ya kuma cika asusun duwan. A Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma gadar Malanbil ta rufe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja. Kowane kilomita da aka ƙara a wannan zagaye, mai saye ne ke biyansa, a kan motar da kuma a kan kowane ƙarfen gyaranta.

To, wace irin mota ce ke isowa? Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a Oktoban 2020 wanda ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Binciken da hukumomin Holan suka yi a kan waɗanda ake lodawa daga ƙasarsu ya tarar da akasarinsu sun shekara 16 zuwa 20, kuma mafi yawa ba su da ingantacciyar takardar shaidar lafiya. Wannan hukuncin dukan motocin hannu ne. Ita ƴar ƙofa biyu tana da ƙarin nata laifin, domin a can ma ba dattijo mai zuwa kasuwa ne ya saba riƙe ta ba. Mota ce ta samari masu son gudu, ta wuce hannu uku ko huɗu, kowane hannu ya fi na baya ƙarancin kuɗin gyara. Fenti kuwa ba ya ba da labarin abin da inji ya gani.

Sai kuma a dubi sunayen da ake ji a bakin dillalai. Kamfanin Honda ya daina ƙera tsohuwar Prelude a 2001. Peugeot 406 mai ƙofa biyu, wadda Italiyawan Pininfarina suka zana, ta tsaya a 2004. Toyota Celica ta tsaya a 2006. Ma'ana, mafi ƙuruciya a cikinsu ta kai shekarun da a ƙauye da tuni an yi mata aure. Gaskiya ne wasu kayan injinsu suna shiga da na ƴan'uwansu masu ƙofa huɗu, kuma bakanike mai wayo a Damagaram zai iya lallaɓawa. Amma gilashin gaba, da fitila, da ƙofar nan mai tsawo, da gilashin baya mai kwanciya, nata ne ita kaɗai. Ranar da tsakuwa ta tashi daga tayar wata babbar mota ta fasa gilashin, mai Corolla zai sami nasa kafin la'asar. Mai Celica zai aika Kano, Kano ta ce a jira Legas ko Kwatano, motar kuwa tana ƙarƙashin bedi an lulluɓe ta da tabarma, awaki suna hutawa a inuwarta, banki kuma yana cire nasa duk ƙarshen wata ba fashi.

Duk wannan a birni ke nan. Damargu kuwa wata duniya ce. Kwalta guda ce ta ratsa ta, wadda ta tashi daga Damagaram ta bi ta Bakin Birji da Tanut ta nufi Agadas, yanki na babbar hanyar Sahara da ake son ta haɗa Aljiyas da Legas. Wanda ya sauka daga kanta ya nufi ƙauyukan Falanko, ko Gangara, ko ƙasar Tarka wajen Balbeji, ya shiga mulkin rairayi. Manyan motocin ɗaukar hatsi da dabbobi sun haƙa ramuka biyu da tayoyinsu, sun bar tudu a tsakiya. Motar da za ta bi wannan sawu dole cikinta ya fi tudun tsawo. Toyota GT86, yayar GR86 ɗin nan, tsakaninta da ƙasa santimita 13 ne kacal, alhali Land Cruiser ta ɗaukar kaya ta haura 20. Bambancin bai kai tsawon tafin hannu ba, amma shi ne tsakanin isa gida da kwana a daji. Ƴar ƙofa biyu takan hau tudun ta zauna a kan cikinta, tayoyi suna juyawa a banza, sai an kira samarin gari da shebur, wani lokaci har da shanun amalanke. Idan an yi rashin sa'a akwai kututture a ɓoye, salansa ta tafi, ko kaskon baƙin mai ya huje. Da damina korama ta kawo, da hunturu ƙura ta toshe matatar iska, da bazara lagireton da aka yi domin sanyin Beljiyam ya tafasa.

Akwai masu kawo hujja da tseren motoci, kuma hujjarsu ba ƙarya ba ce. A 1978 Bafaranshe Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da na Bandama a Kwaddibuwa cikin Peugeot 504 mai ƙofa biyu. A 1984 da 1986 René Metge ya ci tseren Paris zuwa Dakar cikin Porsche, tseren da mutanen Agadas suka sha kallon ƙurarsa. Sai dai waɗancan motoci an ɗaga su, an yi musu sulke a ciki, kuma bayan kowace akwai rundunar kanikawa da lodin kayan gyara, da kamfani mai biya. Mushen da aka tura Falanko rundunarsa ita ce ɗalibansa na aji shida.

Kuɗin mai ma abin lissafi ne. A ƙaddara motar tana shan lita 10 a kilomita 100, wanda ba zalunci ba ne ga tsohon inji mai son gudu. Damagaram zuwa Tanut kimanin kilomita 150 ne, zuwa da dawowa lita 30. A farashin da gwamnati ta tsayar a Yulin 2024, sefa 499 kowace lita, tafiya ɗaya ta ci kusan jika 15, fiye da sulusin mafi ƙarancin albashi. Wannan idan akwai man a gidan mai ke nan. Wanda ya ga layukan Maris na 2025 ya san ba kullum ba ne. Idan babu, sai ruwa-ruwa na bakin hanya cikin kwalba, wanda tsohuwar Peugeot 404 ta ɗaukar kaya takan haɗiye ba gardama, amma injin da na'ura ke auna masa mai ba ya yafewa.

Amma babban abin da ke gaban ƴar ƙofa biyu a Damargu ya wuce na ƙarfe. A garin da motoci ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba, mota ba ta mai ita ba ce shi kaɗai. Ita ake bugun ƙofa dominta da tsakar dare idan naƙuda ta yi gardama, ita ke kai wanda maciji ya sara, ita ke ɗauko tsohuwa daga gidan rasuwa, ita ake cusa wa buhun hatsi da za a kai wa ɗan makaranta a birni. Yaya za a shigar da mai naƙuda kujerar baya ta motar da sai an kifa kujerar gaba an sunkuya kafin a shiga? Ina za a sa uwarta da ungozoma? Damargu ƙasa ce da ta yi suna da ciyar da Abzin da hatsinta tun zamanin ayarin raƙuma, kuma mutanenta sun saba auna abin hawa da abin da yake ɗauka.

A nan ne ya kamata a yi wa mai saye adalci, domin wasu wannan dalili ne ma ya sa suke sayenta. Ma'aikacin da albashinsa ke ciyar da gida uku, wanda duk Juma'a ana jiransa a bakin hanya da kaya da ƴan rakiya, ya gano cewa ƙofa biyu tana ba shi uzurin da bakinsa ba zai iya furtawa ba. Ba ya cewa a'a. Motar ce ke faɗa a madadinsa. Wanda bai taɓa ɗaukar nauyin dangi a kan albashi guda ba kada ya yi saurin zarginsa. Haka kuma ba laifi ba ne mutum ya so abu don kyansa. Wanda ya yi shekara goma sha bakwai yana karatu, yana da haƙƙin ya sayi abin da ransa ke so da guminsa, kuma ma'aikacin da ke zaune a Yamai ko cikin Damagaram, mai wata motar ko babur na zirga-zirga, wanda ya san bakanikensa, babu mai ce masa don me. Matsalar tana ga wanda wannan ce motarsa ta farko kuma ta ƙarshe, wadda ya saya da bashi.

Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin dalili. A ƙasar da mutane da yawa ba su ajiya a banki, mota ajiya ce, kamar saniya, kamar fili. Mai Hilux idan jari ya karye, ko shekara ta zo irin ta 2005 da hatsi ya gagari talaka, zai sa ta kasuwa ya sami mai saye cikin mako. Mai ƴar ƙofa biyu sai ya nemo wani mai irin zuciyarsa, kuma mai kuɗi a hannu a wannan rana. Ɗan taksi ba ya so, mai jigila ba ya so, mai iyali ba ya so. To, ga amsar tambayar farko: arharta daga rashin masu so ta fito, kuma wannan rashin yana nan yana jiran mai ita ranar da zai sayar. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Dillali dai ba zai ce masa rariya ce ba.

Hukuma ma tana da nata kason. Tana karɓar kuɗin duwan a kan motar, da na takardar mallaka, da harajin shekara, da kuɗin hanya a shingen fita gari, ba tare da mai saye ya sami wata ƙwaƙƙwarar shaida a kan shekarun motar na gaskiya ko kilomitan da ta ci ba. Ƙungiyar CEDEAO ta amince a 2020 da ƙa'idojin taƙaita shekaru da hayaƙin motocin da ake shigowa da su. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, saboda haka nauyin tsara abin da zai kare mai saye ya dawo kacokan wuyan mahukuntan ƙasar nan. Ga kuma matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana, tana tsaye a cikin ƙasar Tanut. Bankin Duniya ya amince a 2021 da kuɗin gyaran kwalta daga Tanut zuwa Tigidit, abin a yaba. Amma manomin da ke ganin hasken matatar da dare yana da damar tambayar wakilansa yaushe burji zai iso kasuwarsu, domin hanyar da ke kafe ƴar ƙofa biyu ita ce ke jinkirta motar asibiti.

Wanda duk ya ji wannan kuma zuciyarsa ta ƙi sauka, to kada ya biya a filin dillali. Ya zo da bakanikensa, ba na mai sayarwa ba, a ɗaga motar a duba cikinta, a gwada lambar jikinta da ta takardun duwan. Ya zaga shagunan kayan gyara ya tambayi kuɗin gilashin gaba da fitila ɗaya, ya ji kwana nawa za su yi kafin su iso. Sa'annan ya ɗauki mutum uku, ya sa buhu ɗaya a baya, su kama hanyar Tanut, idan sun wuce Bakin Birji su sauka daga kwalta su yi kilomita biyar cikin sawun manyan motoci, mai motar yana zaune a gefe, shebur kuma yana hannunsa.