Dabarar "riƙe Shift" ta cinye aikin mutane a Shagari

1/ Masu yin bidiyon "sirrin kwamfuta" a TikTok, yau da ku nake. Ku daina koya wa mutane abin da ba ku gwada ba. Ku karanta har ƙarshe kafin ku fara zagi.

2/ Yayana yana da shagon buga takardu a Shagari. Janareta yake tayarwa, don haka kowane minti kuɗin mai ne. Kwamfutarsa kuma in ta maƙale ka ce mata Restart, sai ka sha shayi ka dawo ba ta tashi ba.

3/ Sai yaron shagon ya ga wani bidiyo: wai ka riƙe Shift ka danna Restart, za ta tashi nan take. Ya yi. Ba ta tashi ba, sai ga shuɗin allo da zaɓi-zaɓi. Ya ruɗe, ya shiga Troubleshoot, ya danna Reset this PC, ya zaɓi Remove everything.

4/ Shi ke nan. Takardun neman aiki na mutane, hotunan fasfo, da babi uku na aikin kammala karatun wata baiwar Allah, duk sun tafi. Daga Bodinga na hau mota na same su sun yi jugum. Ita ko kuka take, don ba ta da kwafi ko'ina.

5/ Abin haushin shi ne dabarar ta taɓa zama gaskiya, amma a Windows 95, ta 1995! A can, in ka riƙe Shift, Windows kaɗai ke sake tashi, ba injin gaba ɗaya ba. Tun Windows 8 a 2012 anka mai da shi ƙofar shiga wurin gyara. Ba a ma haife mu ba lokacin da take aiki.

6/ Wasu za su ce laifin yaron ne, mi ya kai shi danna abin da bai sani ba? Haka ne, yana da nashi. Amma wa ya kai shi bakin rijiyar? Kai da ka ce mishi "gwada ka gani", ko sau ɗaya ka gwada a taka?

7/ Gajeriyar hanya ta gaskiya: danna dama a kan allo, New, Shortcut, ka rubuta
shutdown /r /t 0
Amma ka sani, danne-danne kawai ta rage maka. Ba ta ƙara wa kwamfuta gudu ko kaɗan.

8/ In kuma ka ga wani ya ƙara /f, ka kiyaye. Yana rufe duk abin da ka buɗe da ƙarfi, ba ya jiran ka adana. Ko ka sa wata lamba sama da 0 bayan /t, haka za ta yi.

9/ Jinkirin Restart ma da dalili. A Windows 10 da 11, in Fast Startup na kunne, Shut down ba ya kashe komai: yana ajiye zuciyar Windows a faifai, ya ɗauko ta gobe da matsalarta. Restart ne ke farawa daga tushe. Shi ya sa ya fi daɗewa, shi ya sa yake gyara.

10/ Kana son sauri? Ctrl+Shift+Esc, shiga Startup, kashe tarkacen da ke tashi tare da Windows. In da hali, cire tsohon faifai ka sa SSD. Kuma don Allah ku riƙa ajiye kwafin aiki a filashi ko imel.

11/ Yayana ya sake buga mata babi ukun kyauta daga rubutun hannunta, kwana huɗu yana ƙona mai. Mai bidiyon har yanzu bai goge ba. Na yi mishi magana, ya toshe ni.