KADA TAKEN GARAYA YA BI MASU SHI KABARI

Muna so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawuna ga wata dukiya da ke salwanta a gabanmu. Kwanan baya, bayan an gama girbi, muka kwana a wani ƙauye na bakin kogin Watari, wajen Bagwai, muka ji wani dattijo yana kaɗa taken maharba da garaya. Da muka tambayi wanda zai gaje shi, sai ya ce samari sun zo sun gwada, amma gaggawa ta hana su.

To, a dubi ƙasar Sifen. Francisco Tarrega ya tsara wani kiɗan jita mai wuya ƙwarai domin tunawa da fadar Alhambra ta Granada. Babban yatsa yana riƙe da amon ƙasa, yatsu uku kuma suna bugun tsirkiya ɗaya bi da bi, har mai sauraro ya zaci sauti ɗaya ne ba yankewa. Tarrega ya rasu a 1909, amma har yau ana kaɗa shi, gama an rubuta shi, ana kuma koyar da shi a makarantu.

Duk da haka takarda ba ta wadatarwa. Inda za a sassauta da inda za a ƙarfafa, a hannun gwani ake ɗauka. Haka taken garaya yake, ko da yake tsirkiyarta biyu ce, ta jita shida. Kowane take yana da mai shi da lokacinsa, wanda bai san wannan ba kuwa hayaniya kawai yake yi. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi suna. Ashe gwaninta ba ta yawan tsirkiya ba ce.

Wasu za su ce kiɗa roƙo ne, bai dace da ɗan makaranta ba. Mu ba maroƙa muke so a yaye ba. Tarihi muke so a tsare.

Saboda haka muna roƙon kowane malami ya nemi dattijon garinsu, ya ɗauki kiɗansa da waya, ya rubuta sunan taken da wanda ake yi wa. Kwalejojin horon malamai kuma su gayyaci gwanayen nan su koyar tun suna raye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya sa mu dace, amin.