A Riƙa Fita da Baƙo Bayan Badala

Al'ada ce da ta zauna daram a wurin mutanen Kano, idan Allah ya kawo musu baƙo mai daraja wanda bai taɓa taka garin ba, kuma suka so ya koma gida da abin ba da labari, sai su hau da shi Dala ya hangi birni, su sauko da shi Kurmi ya shaƙi ƙanshin kayan yaji da na jima, su biya da shi marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama, in da hali ya tsaya a ƙofar Gidan Rumfa, sa'an nan su mai da shi masauki suna ganin sun sauke nauyin da ke wuyansu. Ban ga aibin ko ɗaya daga cikin wuraren nan ba, domin kuwa su ne asalin garin, kuma wanda bai gan su ba bai ga Kano ba. Abin da nake tuhumar kanmu da shi shi ne yadda muke ratsawa da baƙon ta Fagge da Sabon Gari a guje, gilashin mota a rufe, kamar waɗanda ke wuce gidan da ake bin su bashi, alhali kuwa wani babban kaso na tarihin Kano, musamman na shekaru ɗari da 'yan kai da suka shige, a unguwannin nan biyu ya auku, kuma har gobe ana iya karanta shi a bakin murhu da kan faranti.

Ni ma da nake wannan magana sai da aka kunyata ni na farga. Wani dattijon malami ne ya sauka a wurina daga Damagaram, na yi masa irin zagayen da na ambata, muna kan hanyar komawa ya nuna da hannu ya ce, "Malam, nan kuma ina ne?" Na ce masa, "Allah ya gafarta Malam, ai Waje ne, kasuwa ce kurum da hayaniya." Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya ce in nan ce Fagge to yana roƙon a tsaya, domin a nan kakansa yake sauke raƙuma idan ayari ya iso, kuma tun yana yaro sunan Fagge ya fara ji kafin sunan Kurmi. Muka tsaya, muka sha shayi a wurin wani Buzu, kofi uku bi da bi kamar yadda suka saba, na farko da ɗaci na ƙarshe da zaƙi, shi yana ba ni labarin garina ni ina saurare.

Fagge ba baƙuwar unguwa ba ce. Masu riwayar tarihi suna danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, a matsayin zangon fatake, inda ayarin Abzinawa masu gishirin Bilma da dabino da kanwa ke yada zango a wajen ganuwa, su huta, su shiga birni da rana su yi ciniki. Da Turawa suka ci Kano a 1903, kuma hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911, sai gyaɗa ta zama abin nema, kamfanoni suka kafa kantuna kusa da tasha, Kwarori 'yan Sham da Labanan suka zauna daf da Fagge suna sayar da yadi, wanda daga nan ne Kantin Kwari ya samo sunansa, kasuwar da yau 'yan Nijar da Cadi da Kamaru ke cika ta kullum. Haka Wapa, inda 'yan canji ke zaune da damman kuɗin ƙasashe, sunan ya samo asali ne daga kamfanin jigilar alhazai da su Alhaji Mahmud Ɗantata suka kafa a ƙarshen shekarun 1940. Watau duk inda ka dafa a Fagge, sai ka tarar baƙunta ce ta haife shi.

Amma hujjata mafi ƙarfi tana cikin abinci, don shi ba ya ƙarya kuma ba ya bin ra'ayin marubuta tarihi. Wanda ya shiga lungunan Fagge bayan sallar asuba zai tarar da mai koko da ƙosai ta riga ta hura wuta, mai waina tana juya tanda, mai shayi ya jera gwangwanayen madara da burodi. In hantsi ya dubi ludayi sai 'yan garau-garau da 'yan ɗanwake su fito domin yaran kanti da 'yan dako, waɗanda ba su da sukunin komawa gida. Da azahar a sami tuwon shinkafa da miyar taushe, ko dambu, ko fura da nono ga wanda zafi ya dame shi. In kuwa magariba ta yi, hayaƙin tsire da balangu ya tashi, a yayyanka gurasa a yayyafa mata ruwa da ƙuli-ƙuli da mai da albasa, a miƙo maka bandashe a takarda. To, a tsaya a dubi sunayen nan da idon basira. Gurasa, wadda Bakano ke alfahari da ita har ya ce ba a iya ta a ko'ina sai Jakara, kalmar Larabci ce, kuma Larabawan arewacin Afirka da suka zauna cikin birni su suka zo da sana'ar sarrafa alkama irin wannan. Alkaki da alkubus ma alif da lam ɗinsu na nan a goshinsu bai goge ba. Shayi kansa haka. Abin da ya shigo jiya a hannun baƙo, yau shi muke kira namu na gado, kuma ba mu yi ƙarya ba, don mun riƙe shi mun gyara shi har ya fi na masu shi daɗi a bakinmu. In haka ne kuwa, da wane dalili za mu ɗaga hanci ga abin da ya shigo daga baya ta tashar jirgi, mu karɓi wanda ya shigo ta bayan raƙumi?

Wannan ya kawo mu Sabon Gari, wadda Turawa suka yanka wajen 1913 domin ma'aikatan jirgin ƙasa da akawuna da 'yan kasuwa da suka zo daga kudu da sauran ƙasashen bakin teku, bisa manufarsu ta raba baƙi da 'yan ƙasa. Manufar ba ta alheri ba ce, kuma mun sha ɗacinta. Sai dai unguwar da ta fito daga cikinta ta zama wani littafi buɗaɗɗe ga mai son karatu, domin sunayen titunanta kaɗai sun isa darasi: titin Yarbawa da na Ibo, titin Abekuta da Ijebu da Inugu da Warri, har da na Gwalkwas da Firitawun, kowanne yana shaida inda mazaunan farko suka fito. Mutane da yawa suna zaton titin France sunan ƙasar Faransa ne, alhali sunan wani mutumin Gwalkwas ne da ya shugabanci unguwar a zamanin Turawa. A Sabon Gari aka buɗe silimar Rex a 1937. Kuma abin da ya fi wannan nauyi, a Sabon Gari ne mutum takwas suka zauna ranar 8 ga Agusta, 1950, suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin; saboda haka duk mai tinƙaho da siyasar talakawa ta Kano, ya sani a bayan badala aka yanke mata cibiya.

Shiga kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi, ka nufi ɓangaren kayan miya, za ka ga Nijeriya duka a shimfiɗe a kan tebur: jarkokin manja, tulin doya, garin kwaki fari da ja, agushi, ganyen ugu da shuwaka, busasshen kifi, ganda, ga kuma tumatir da attaruhu da albasa na ƙasar Kano a gefensu, mai sayarwa Bahaushe mai saye Bayarabiya, ko akasin haka, ana ciniki da wata irin Hausa da ta sha gishirin harsuna uku. A ɗakunan abinci na titunan ciki ana tuƙa amala, ana kirɓa sakwara, ana dafa farfesun kan akuya mai yajin da zai sa dattijo hawaye. Kuma ai kayan nan sun daɗe da tsallaka titi sun shiga gidajenmu: alala da teba sunayensu na Yarbanci ne, miyar agushi ta zama abin da amarya ke gwada gwaninta da shi, garin kwaki kuwa ba ɗalibin da zai ce bai ci albarkacinsa ba. Mu ma tsirenmu da kilishinmu sun kafa sansani a Agege da Sabo ta Ibadan. Ciki ya daɗe da yin sulhu, kawuna ne suka rage.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma ba zan kauce masa ba. Zai ce Sabon Gari matattarar giya ce da abin da ke biye da giya, kuma mumini ba ya kai kansa wurin shubuha. Gaskiya ne akwai mashaya a can, kuma ba ina kiran kowa ya je ya zauna a cikinsu ba. Amma yi wa unguwa guda hukunci da mafi munin abin da ke cikinta zalunci ne wanda ba za mu yarda a yi wa unguwanninmu ba, balle kuwa a Sabon Gari akwai masallatai da Musulmi masu yawa, Yarbawa da Nufawa da Hausawa, waɗanda aka haifi kakanninsu a can. Game da halaccin abinci, fiƙihu bai bar mu cikin duhu ba: malamai sun yi bayanin yanka da abincin Ahlul Kitabi dalla-dalla, mafi yawan mahautan da ke kai nama kasuwar kuwa 'yan'uwanmu ne, kuma wanda zuciyarsa ba ta natsu ba yana da baki, ya tambaya, ko ya tsaya ga kifi da doya. Abin da shari'a ta tsananta a kansa, har ta wajabta shi ko maƙwabci ba Musulmi ba ne, shi ne haƙƙin maƙwabtaka, kuma ban san yadda mutum zai sauke haƙƙin maƙwabcin da bai taɓa taka ƙofar gidansa ba. A tsakanin Fagge da Sabon Gari ne aka zubar da jini a watan Mayu na 1953, aka sake a 1966, aka kuma a 1991, kuma a kowane karo jita-jita ta fi saurin kama wanda bai san fuskar kowa ba a ɗaya ɓangaren.

A wasu wurare ba haka ake yi wa unguwar baƙi ba. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Santambul saro kaya za su shaida cewa mutanen can ba su tsaya ga nuna wa baƙo Aya Sofiya da fadar sarakunan Usmaniyya ba. Suna tsallaka da shi Galata, wadda asalinta unguwar fataken Italiya ce a wajen ganuwar birnin, su nuna masa hasumiyarta, su ciyar da shi a lungunanta, suna ƙirga ta cikin abin alfaharinsu.

Mu kuwa namu yana lalacewa muna kallo. Tsofaffin gidajen Kwarori da kantunan zamanin gyaɗa ana rushe su ɗaya bayan ɗaya ana dasa benayen shaguna, magudanan ruwa sun cushe har mai abinci na kasa kaya a bakin kwata, gobarar da ta ci dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ta nuna irin cunkoson da aka bari ya yi yawa, dattawan da suka san wane ne ya fara zama a wane titi kuma suna ta ƙarewa. Ina roƙon Ƙaramar Hukumar Fagge, wadda unguwannin biyu ke ƙarƙashinta, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, da malaman tarihi na Jami'ar Bayero, su haɗa hannu su ƙididdige gine-ginen da suka saura, su ɗauki maganar dattawan nan tun suna raye, a bar wa tituna sunayensu na asali, a kuma yashe kwatoci domin masu abinci su yi sana'arsu cikin tsafta.

Kai kuma mai karatu, in baƙo ya sauka a wurinka, bayan Dala da Kurmi ka ware masa wuni guda. Ku fito ta Ƙofar Mata da ƙafa, ku ratsa Fagge, ku bi ta Kwari ku ɓulla Bata, ku shiga kasuwa har titin France. Ku yi sammako tun rana ba ta yi zafi ba, kuma kada ku karya kumallo a gida.